Kabarin da Aka Haƙa wa Hamma Brahim

Laraba, bayan la'asar

An gama haƙa kabarin. Ban gani da idona ba, tunda mace ba ta zuwa maƙabarta, amma Kawu Saleh, ƙanen Mama, ya biyo ta shagon ɗinkina da ƙasa har gwiwa ya gaya min. Ya ce zafi ya gasa ƙasar ta yi tauri, har diga ɗaya ta karye. Jirgin zai sauka gobe da yamma, in aka ce sai lokacin za a fara haƙa, magariba za ta riske su. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi.

Na ce, "Kawu, ni ban taɓa jin an haƙa kabari ya kwana ba."

Ya ce, "Ke kin taɓa jin gawa ta hau jirgi ta je ƙasar Turawa ta dawo? Komai na wannan lamari sabo ne, Su'ad. Kuma ke kika fara."

Hamma Brahim yayana ne, mu biyu kaɗai Mama ta haifa muka rayu. Shekarar da yaƙi ya ɓarke a ƙetaren iyaka ya tafi can da lodin atamfa, Juma'a ta same shi a masallacin garin. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan Juma'ar. Waɗanda aka kashe, an zuba su a rami ɗaya. An yi masa sallar ga'ib a nan Garoua, amma Mama ba ta taɓa karɓar gaisuwa ba, cewa take ba a yi wa uwa ta'aziyyar ɗan da ba ta taɓa likkafaninsa ba. Bayan shekaru, mutanen kotun duniya mai shari'ar laifukan yaƙi suka tone ramin, suka kwashe ƙasusuwan zuwa Turai. Wai hujja ce a kan masu kisan, kuma za su gane kowa su mayar wa danginsa. Wata ma'aikaciyarsu 'yar kudu, Cécile, ta zo har unguwarmu Djamboutou ta goga min auduga a cikin baki ta tafi da ita, don a gwada da ƙasusuwan. Kawu ya ce a bar matattu su kwanta. Ni na ce a kawo mana namu. Watan jiya Cécile ta kira ni tana kuka, ta ce an gane shi.

Gida ya cika. Goggo Iyatu ta zo daga Tignère da buhun wake da surutunta, 'yan Rey Bouba sun zo, 'yan Kousséri suna hanya. Tun Litinin Mama ta ɗaure bakinta. Ta yi wa Allah alkawari ba za ta sa abinci a baki ba sai an rufe ɗanta, ruwa kawai. Na tuna mata ciwon sugarta, ta ce ai zuwa Alhamis ne, ba za ta mutu ba.

Ina farin ciki. Abin kunya ne mace ta ce tana farin ciki da jana'iza, amma haka ne.

Alhamis, bayan magariba

Jirgi ya zo. Akwati bai zo ba.

Juma'a, da hantsi

Sai yau da safe na sami Cécile a waya. Muryarta kamar ta wadda aka tsamo daga rijiya. Ta yi min bayani sau biyu, da Faransanci, da kuma ɗan Fillancinta mai karyayyen baya, don kada in ce ban gane ba.

Wata babbar ƙasa ce ta sa wa kotun takunkumi. Kotun ta ce za ta binciki sojojin ƙasar a kan abin da suka yi a wani yaƙi can daban. Ƙasar ta ce ita ba ta sa hannu a yarjejeniyar kotun ba, saboda haka kotun ba ta da hurumi a kan 'ya'yanta. Yanzu duk wanda ya yi wa kotun aiki, ko ɗan dako ne, takunkumin zai hau kansa. Kamfanin da zai ɗauko akwatin ya ji tsoro, ya sauke shi tun a can, aka mayar da shi ɗakin ajiya.

Na ce, "Cécile, Hamma atamfa yake sayarwa. Ko sunan ƙasar nan bai iya faɗa daidai ba."

Ta ce, "Na sani, ma sœur, 'yar'uwata. Ki ba ni 'yan kwanaki. Akwai wani kamfanin."

Na gaya wa Mama an ɗan sami tsaiko a hanya. Ta ce, "To," ta miƙo min kofin ruwanta in cika.

Asabar, da yamma

'Yan Kousséri sun iso a galabaice, suna tambaya ko an riga an kai shi. Na bar Kawu ya ba su amsa, na shige madafa.

Litinin, bayan azahar

Na buɗe shago don kada in haukace a gida. Adoum mai gyaran rediyo, maƙwabcin shagona, ya ƙure murya tun safe, maza sun taru a kan bencinsa kowa ya zama alƙali. Wani ya ce gara da aka yi wa kotun haka, da ma baƙar fata kawai take kamawa. Wani ya ce to ga shi yau ta taɓa manya, an nuna mata iyakarta. Adoum ya ce shi dai a ganinsa kowace ƙasa gidan kanta ce, ba mai shiga gidan wani ya yi hukunci. Da haka ya riƙa nanata wata kalma da ya tsinta a rediyo, diyauci, diyaucin ƙasa, kamar an ba shi alewa.

Na leƙa na ce, "Malam Adoum, in maƙwabcinka yana yanka baƙonsa a tsakar gida, kai sai ka tsaya a ƙofa kana sallama?"

Adoum ya rage muryar rediyon ya ce, "Ki yi haƙuri, Su'ad, mun manta kina ji."

Ban ji daɗin abin da na yi ba. Ba su suka sauke akwatin ba. Amma waɗanda suka sauke shi ba su da benci a Djamboutou, ban san inda zan je in yi musu masifa ba.

Talata, da safe

Kamfani na biyu ma ya ƙi.

Laraba, bayan la'asar

Goggo Iyatu ta ja ni bayan ɗaki. Ta duba hagu ta duba dama, ta ce, "Ke, kabarin nan har yanzu a buɗe yake?"

Na ce Kawu ya rufa masa kwanon rufi ya danne da duwatsu.

Ta ce, "Kwano ba murfi ba ne. A wajenmu in an haƙa kabari ba a sa kowa ba, kira yake yi. Ba ya haƙura sai an amsa masa." Ta nuna ɗakin Mama da haɓa.

Na ce mata wannan camfi ne, kuma in za ta yi camfinta ta bari sai ta koma Tignère. Ta ce, "Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba," ta ɗaure zaninta ta tafi tana gunguni da Fillanci. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Matan unguwa in sun zo sannu sai su tsaya daga bakin ƙofa suna ƙare wa Mama kallo, kamar masu auna tsawonta. Ni da na yi lekol, karatun boko, na san rami ba ya kira. Duk da haka na kasa cin abincin rana.

Na sa suga kaɗan a ruwan Mama. Ta kurɓa, ta dube ni, ta tofar a kasko. Ta ce, "Da Allah na yi alkawarin, ba da ke ba."

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Liman ya zo da kansa. Ya zauna daga waje, labule a tsakaninsu, ya gaya wa Mama cewa alkawarin da zai halaka mai shi ba a cika shi, ta yi kaffara ta ci abinci. Ya kawo aya, ya kawo hadisi. Sannan ya ce a ganinsa a cike kabarin, in Allah ya kawo mai shi a haƙa wani.

Mama ta ce, "Malam, na gode. Amma ba a naɗe shimfiɗar baƙon da yake kan hanya."

Ya ce, "Sey munyal, Hajiya, sai haƙuri," ya sa takalmansa. Mama ta fi shi taurin kai, kuma shi ma ya sani.

Baƙi sun fara zamewa. 'Yan Rey Bouba sun ce gona na jiransu. Ban ga laifinsu ba, amma na ji haushinsu.

Lahadi, da asuba

Ruwan farko ya sauka jiya, da iska mai ƙarfi. Kowa a unguwa yana murna, yara tsirara a titi. Ni kuma hankalina yana kan kwanon nan.

Lahadi, da yamma

Iska ta yaye kwanon, ramin ya cika da ruwa, gefe ɗaya ya rufta. Kawu Saleh, da furfurarsa da ciwon bayansa, ya shiga da bokiti ya kwashe, ya gyara bakin da hannunsa. Bai bar masu haƙa su taɓa ba, don kada maganar ta ƙara yawo. Ya zo shago ya zauna a ƙasa, laka ta bushe a gemunsa. Na ba shi ruwa. Na jira ya ce da ma na gaya miki. Bai ce ba, kuma da ya faɗa da ya fi min sauƙi.

Talata, da hantsi

Ana wata ga wata. Adoum ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce ya ji wani abu, bai san ko in so ji ba. Gwamnatin ƙasar da aka yi kisan a cikinta ta ga manya sun juya wa kotun baya, ita ma ta sami baki. Ta ce tun farko ba a nemi izininta yadda ya kamata ba, ƙasusuwan daga ƙasarta aka tono, nata ne, a mayar mata.

Na ce, "Nata? Lokacin da yake kwance a rami da ƙafar wani a kan fuskarsa, ba ta san nata ba ne?"

Ɗan Garoua ne, an kashe shi a ƙasa ta biyu, yana kulle a ta uku, ta huɗu ce ta hana shi dawowa. Yana raye ko fasfo ba shi da shi, da katin ɗan ƙasa yake yawonsa. Yau ƙasashe ne ke jayayya a kansa.

Adoum bai ƙara faɗar kalmarsa ba yau.

Laraba, bayan azahar, a lopital, wato asibiti

Mama ta faɗi a wurin alwala. Mun kawo ta a motar maƙwabci, kanta a cinyata, ba nauyi ko kaɗan. An sa mata ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo ta tambaya ko wannan abinci ne. Nas ta ce a'a, Maman, ruwa ne. Sai ta bari.

Likita ya kira ni waje. Ya ce ƙarin ruwa ba ya riƙe tsohuwa mai suga har abada, ƙodarta ta fara gajiya. In ba ta ci ba a cikin satin nan, mu fara shiri. Ya yi min faɗa kamar ni na hana ta, ya ce, "Madame, ku lallashe ta mana!" Na so in ce masa ya shiga ya gwada.

Ina jin tsoro. Tun da aka fara wannan abu yau ne na fara jin tsoro sosai.

Alhamis, da safe

Cécile ta kira. An rufe ofishinsu na Yaoundé, an sallame su duka, gobe za a karɓe wayar aikin. Ta ce, "Ba zan ƙara yi miki alkawari ba, ma sœur. Na yi biyu, duka sun karye a hannunki." Na tambaye ta yaushe. Ta ce wata nawa ko shekara nawa, ba wanda ya sani. Na gaya mata halin Mama. Ta ce, "Pardon," ta kashe.

Juma'a, da yamma

Lambar Cécile ba ta shiga. Mama ta kira ni da sunan Brahim sau biyu.

Asabar, bayan la'asar

Kawu ya shigo shago ya tura ƙofa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Akwai farin yadi a wurinki?"

Na ɗauka Mama ce ta cika. Ya girgiza kai. Ya ce, "Gobe akwai jirgi daga Yaoundé. Zan je filin ni kaɗai. Zan dawo in ce Brahim ya zo, kuma hukuma ta ce danginsa na jini kawai za su naɗe shi. Ni da ke."

Na gane. Na ce, "Kawu, kai? Kai da ko sahun gaba ba ka bari ya wuce ka?"

Ya ce, "Ni. 'Yar'uwata tana mutuwa a gabana saboda faɗan mutanen da ba su san da ita ba. Sallar da za a yi, Allah ya san wanda ake nufi, ya kuma san inda yake. Ƙaryar kuwa a wuyana. Mai rai ya fi gawa hakki a kanmu, Su'ad."

Na ce liman fa? Ya ce ba za a gaya masa ba, liman zai yi wa Brahim salla da zuciya ɗaya, kuma hakan ya fi masa.

Na yi kuka, shi ma ya juya fuska ga bango. Sannan na tashi na ɗauko yadin daga saman kanta.

Lahadi, kafin magariba

Na ɗinka. Ba zan rubuta abin da muka naɗe a ciki ba. Shuɗiyar rigarsa ta sallah dai ba ta cikin adakar Mama yanzu, kuma Adoum ya tambaye ni wa ya kwashe busassun rassan darbejiyar da ke bayan shago. Na ce yara ne.

Na kankare su da wuƙa sai da suka yi sumul, don na san za ta taɓa.

Litinin, da hantsi

Mun dawo da Mama gida don ta yi ban kwana. Kawu ya shigo da shi a hannu biyu ya ajiye a kan tabarma a gabanta. Idonta ba ya gani sosai tun bara. Ta ɗora tafinta a kai, ta bi shi a hankali daga sama har ƙasa, ta sake dawowa. Goggo Iyatu tana ta salati a bayana.

Mama ta ce, "Ya rame."

Sannan ta ce, "Allah ya jiƙanka, Brahim. Na yafe maka nonona. Ku kai shi, ya gaji."

An ce mutane sun cika har titi. Duk Djamboutou ta fito, har waɗanda suka yi ta gardama a bencin Adoum. Na tsaya a soro ina jin kabbarorin liman, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Litinin, bayan magariba

Ta sha kunun gyaɗa rabin kofi. Ta ce tsamiya ta yi kaɗan, ta nemi ƙari.

Alhamis, da yamma

An yi sadakar uku. Mama ta zauna a tsakiyar mata ta karɓi gaisuwa, karo na farko tun Juma'ar can. Ta ba da labarinsa na ƙuruciya, yadda ya taɓa sayar da takalmin Baba ya sayo tantabaru, har ta yi dariya. Goggo Iyatu ta rungume ni kafin ta hau mota, ta ce, "Kin ga? An amsa masa, ya yi shiru."

Ni da Kawu ba ma haɗa ido. Amma Mama ta ci tuwo yau da miyar kuka, na zauna ina kallon kowace loma. In ana tambayata ko na yi nadama, ban yi ba. Na rubuta don in gani da idona: ban yi ba.

Talata, da safe

Saƙon murya daga wata baƙuwar lamba. Cécile ce. Na saurara a tsaye, na sake saurara a zaune.

Ta je can Turai da kanta. Tunda yanzu ba ma'aikaciyar kotu ba ce, ba sunan kotu a jikinta. Ta bi ofis-ofis har aka yarda ta fito da shi a matsayin gawar dangi, ba kayan shari'a ba, kafin masu jayayya su farga. Ta sauka Yaoundé da shi a cikin kayanta. Yau za ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, daga can mota. "Ki gaya wa Maman ta riƙe, ma sœur. Ina kawo mata ɗanta."

Tana dariya a cikin saƙon.

Talata, bayan azahar

Na kunna wa Kawu. Ya ji har ƙarshe, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Na ce a tone kabarin a ɓoye a sa shi. Ya ce mai gadin maƙabarta yana kwana a wurin, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa, kafin azahar ta kai kunnen Mama. In ta ji ta yafe nononta ga itace, ta karya alkawarin Allah a kan ƙarya, wannan karon ba yunwa ce za ta kashe ta ba. Ya ce ko mu fita da shi daji wajen hanyar Pitoa, mu biyu, mu rufe shi a inda ba kowa.

Na ce a'a. An taɓa jefa shi a ramin da ba suna, ba ni zan sake ba.

Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Mace mata ke yi mata wanka, su ke naɗe ta. Ranar da Allah ya yi wa Hajiya kira, ke ce a kanta. Ƙasusuwa ba su da yawa. Ba wanda zai buɗe likkafanin mace ya duba."

Na ce, "Wato in ajiye shi sai uwarsa ta mutu."

Ya ce, "Ban ce yana da kyau ba. Na ce za su kwanta tare."

Laraba, da yamma

Na tare ta a tashar mota. Ta rame ita ma, gashinta ya yi fari a gaba. Ta rungumo akwatin a ƙirji, ta ce tun daga Ngaoundéré a cinyarta yake, ta hana a sa shi saman mota da buhunan albasa. Ƙarami ne, na farin katako. Da na karɓa, bai kai kan keken ɗinkina nauyi ba.

Ta ce mu je ta gaida Maman. Na zaunar da ita a benci na gaya mata komai. Motoci suna ta hon, masu sayar da ƙwai suna ratsa mu, ita kuma tana kallon hannuwanta.

Na ce, "Da kin kira ni. Ko kalma ɗaya."

Ta ce, "Na rantse ba zan ƙara gaya miki yana zuwa ba sai na riƙe shi a hannuna."

Ba wadda ta yi laifi a cikinmu, kuma hakan bai rage komai ba. Ta tambaya ko Maman tana ci. Na ce tana ci. Ta ce, "To, Dieu merci, an gode Allah," hawaye yana bin kumatunta. Ta koma a motar dare ba ta shiga gidanmu ba.

Juma'a, bayan azahar

Yana shago, ƙarƙashin teburin yanka, na rufa masa sabuwar atamfa, irin wadda yake sayarwa. In na buɗe da safe nakan ce, "Hamma, ina kwana." Na roƙi Adoum ya rage rediyo, na ce kaina ke ciwo. Har yanzu suna ta magana a kan hurumi. Wata mai kawo ɗinki ta so ta ɗora jakarta a kai, na daka mata tsawar da ta sa ta kwashe yadinta ta tafi.

Kawu ya zo ya yi masa salla shi kaɗai, ƙofa a rufe, ni ina gadi a waje.

Litinin, da hantsi

Mun koma lopital a duba Mama. Likita ya yi ta murna, ya ce ƙodar ta farfaɗo, sugar ta daidaita, tsohuwar nan ƙarfe ce, za ta yi shekaru masu yawa nan gaba. Nas ta ce min barka. Mama ta ce a hanya a tsaya a saya mata kifin Benuwai, ta yi marmarinsa.

Kowa yana ce min barka.

Laraba, bayan sallar asuba

Mama ta yi tari a ɗakinta, mai tsawo. Na tashi zaune na kasa kunne. Tarin ya lafa, na ji ta ci gaba da lazimi.

Na san abin da na kasa kunne in ji. Astagfirullah. Astagfirullah.

Na tashi na hura wuta, na dama mata kunu, na zuba madara da yawa.